Tambayar da Ta Kori Saje Daga Aji

Tun da Saje ya ajiye kaki ya yi ritaya, gidansa bai sake samun sukuni ba. Mutum ne da ya saba a ba shi umarni daga sama, shi kuma ya juya ya sauke a kan na ƙasa. Da aka wayi gari babu na sama babu na ƙasa, sai ya mai da iyalinsa bataliya. Takalma a bakin ƙofa sai sun jeru, hancinsu na kallon bango. Tsintsiya tana da wurin kwananta, bokiti yana da nasa. In matarsa ta bar cokali a kan tebur, ba ya faɗa. Tsayawa yake a kan cokalin, hannuwa a baya, yana kallonsa kamar kurtun da bai yi aski ba, har sai ta zo ta ɗauke. Autansu, saurayi mai aikin haɗa wayoyin lantarki a sababbin gine-gine, ya koyi ficewa kafin uban ya gama shan shayi. Duk abin da aka ce masa, ko daidai ko kuskure, amsarsa ɗaya ce: to, Baba.

Babbar 'yarsa ce kaɗai ke iya zama ta yi hira da shi ba tare da tana satar kallon ƙofa ba. Aikin asibiti take yi, shi ya sa kowa ke kiranta Nas, har shi uban. Wata rana ta zo gaishe su, ta tarar da shi a ƙofar gida yana hararar kwatar layinsu da ta toshe tun farkon damina. Ya ce ya je ofishi kaza an tura shi ofishi kaza, can ma aka ce mai sa hannu ya fita. Sai ya sauke numfashi ya ce:

"Tun ina da baƙin gashi nake yi wa gwamnati aiki. Ta ce in tsaya na tsaya, ta ce in tafi na tafi. Amma ko sau ɗaya ban taɓa ganin fuskarta ba, ban kuma san inda take kwana ba."

Shi dai ƙorafi ya yi, irin wanda ake yi a wuce. Nas kuwa ta ɗauki maganar ta sa a aljihu. Ba a jima ba ta dawo da labarin cewa ta yi masa rajista a jami'a, a shirin ƙarshen mako da ake yi wa ma'aikata da waɗanda karatu ya wuce su, a sashen nazarin gwamnati. Takardar sakandaren da ya samu yana bariki ta wadatar, in ji ta. Ya yi faɗa, ya ce da tsufansa za a mai da shi ɗan makaranta. Matarsa, wadda ta riga ta hango ranakun da za ta ajiye cokalinta inda ta ga dama, ta ce ai gemu ba ya hana ilimi. Da yamma dai aka ga ya fito da dutsen guga.

Ranar farko ya isa aji mai shara ba ta gama ba. Ɗaki ne dogo, kujerunsa a ɗaure da ƙasa, fanka ɗaya tana juyawa tana kuka, farin allon kuma ya sha rubutu har inuwar tsofaffin darussa ta ƙi goguwa. Ya zauna a layin gaba, ya jera biro biyu a gefen littafinsa. 'Yan ajin duk masu sana'a ne, malaman firamare, ma'aikatan banki, 'yan kasuwa. Suka riƙa gaishe shi suna cewa Baba, wasu ma sun zaci shi ne malamin.

Abin da ya zo nema a fili yake a ransa. So yake a zana masa gwamnati a allo kamar yadda ake zana rundunar soja: wa ke sama, wa ke bi masa, wane ofishi ke da alhakin kwata. Ya kuma zaci wani dattijo mai furfura zai shigo. Sai ga wata siririyar mace, ko sa'ar Nas ba ta kai ba, da gorar ruwa a hannu ɗaya da alƙalamin allo a ɗayan. Ta ce Dakta ake kiranta, kuma darasinsu shi ne tushen wannan fanni da yadda ya taso. Ba ta zana komai ba. Tambaya ɗaya ta rubuta a tsakiyar allo: Me ya sa muke bin umarnin gwamnati?

Saje ya ga tambayar ba ta kai a ɓata mata lokaci ba, ya miƙe ya ƙame, ya ce saboda umarni ne, shi kuwa umarni bin sa ake yi. Dakta ta gode masa, ta tambayi aikinsa, ya faɗa. Sai ta ce, to a ce ɗan fashi ya tare shi a hanya da bindiga ya ce ya kwanta, shi ma ai umarni ne. Mene ne bambancinsa da na kwamandansa? Ya ce kwamanda yana sanye da kaki. Ta ce in ɗan fashin ya sato kakin fa? Ya ce kwamanda naɗa shi aka yi. Ta ce wa ya naɗa shi? Ya ce na sama da shi. Ta ce shi kuma na saman? Haka suka yi ta hawa har suka ƙure tsanin, Saje ya tsinci kansa a tsaye babu sauran matakin da zai taka.

Daga can baya wani mai shagon sayar da wayoyi, wanda 'yan aji ke kira Dogo, ya ce ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji, wai yau an kwance wa Baba bindiga. Dariya ta ɓarke. Dakta ta tsawatar, ta ce tambayar ta kowa ce, amma Saje bai ƙara jin komai ba. A rayuwarsa ba a taɓa haɗa kwamandansa da ɓarawo a magana ɗaya ba, kuma yarinya ce ta yi, a gaban sa'o'in 'ya'yansa. Ya jira aka tashi, domin barin wuri ba izini ba tarbiyyarsa ba ce, sannan ya tattara kayansa ya tafi.

Mako ya zagayo bai je ba, na gaba ma haka. Takalman bakin ƙofa suka sha gyara fiye da da. Matarsa ta yi haƙuri har ta gaji, sannan ta ce ita dai ba ta taɓa jin sojan da aka kora daga fagen daga da alƙalamin allo ba. Nas ba ta zolaye shi ba. Cewa ta yi in ya bari ya bari, ba dole, amma ya je ya sanar da malamarsa da bakinsa, domin shi da kansa ya koya musu cewa mai sulalewa daga aiki ba sallama sunansa daban. Nan ta kama shi.

Ofishin Dakta yana ƙarshen wani dogon baranda a saman bene, kusa da ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Ya ƙwanƙwasa, ya shiga, ya tarar da ita tana cin burodi da shayi a gefen tarin takardun ɗalibai. Ɗakin ƙarami ne, amma bango guda daga ƙasa har rufi littattafai ne. Kafin ya buɗe baki ta miƙe ta share masa kujera, ta ce ta yi ta cigiyarsa. Haƙuri take so ta ba shi, domin ta ja tambayar da shi fiye da yadda ya kamata a ranar farko, a gaban mutanen da bai saba da su ba. Saje ya zo da jawabinsa a shirye, amma bai shirya wa ban haƙuri ba. Ya zauna. Ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, in ta san amsar me ya hana ta faɗa, maimakon ta ɗana masa tarko.

"Baba, ba tarko ba ne," in ji ta. "Da na san amsar har ƙarshenta, da na rufe ofishin nan na tafi gida. A kan tambayar aka gina duk abin da kake gani a bangon nan."

Ta ce ofishin na wani tsohon farfesa ne da ya koyar da ita. Da zai tafi ya bar mata shi da littattafansa, kuma bisa zamani ya jera su, daga ƙasa zuwa sama. Ta durƙusa ta dafa kantar ƙasa. A zamanin waɗannan, ta ce, babu wani fanni mai suna nazarin gwamnati. Masu falsafa ne, mutanen da ke tambayar mece ce kyakkyawar rayuwa, suka ga mutum ba ya rayuwa shi kaɗai, sai suka wuce zuwa tambayar mene ne adalci, kuma wa ya cancanci ya yi mulki, mutum ɗaya ne, ko 'yan kaɗan, ko jama'a duka. A wurinsu maganar mulki da maganar halin kirki uwa ɗaya ce ta haife su. A samansu akwai malaman da suka yi ta rubuta wa masu mulki nasiha, a ƙasashe dabam-dabam da harsuna dabam-dabam, da waɗanda suka zauna suna duban yadda dauloli ke tasowa da haɗin kai, su kuma rushe in jin daɗi ya yi yawa. Sai wasu suka zo suka ce a daina faɗin yadda ya kamata mai mulki ya kasance, a dubi abin da yake yi in an rufe ƙofa. Wasu kuma suka ce a ɗauka babu gwamnati sam, kowa na cin gashin kansa. Me zai sa mutane su yarda su ɗora wani a kansu, shi kuma me zai yi musu a madadin haka?

Ta miƙe, hannunta ya kai tsakiyar bango. A nan ne, ta ce, fannin ya bar gidan uwarsa ya kama ɗakin kansa a jami'a, maƙwabtansa masu karatun shari'a da na tarihi. Suka duƙufa a kan tsarin mulki da majalisu da kotuna, wa ke da ikon me. Saje ya gyara zama, ya ce wannan kantar ita ya zo nema. Ta yi murmushi ta ce za su iso ta. Amma su ma an zo an ce musu abin da ke rubuce a takarda daban, abin da mutane ke yi daban. Sai aka fita titi ana tambayar jama'a, ana ƙirga amsoshinsu, ana auna wa ke fita zaɓe da dalilinsa. Ita kanta, in ji ta, 'yar wannan gidan ce, da lissafi ta yi digirinta. Kantar can ta sama kuwa, wadda sai an taka kujera, ta masu tambaya ce su wa aka manta da su a duk wannan dogon zance: mata, talakawa, da ƙasashen da aka mallake aka kuma ba da labarinsu ba da bakinsu ba.

Saje ya daɗe yana kallon bangon. Ko banza tsarin ya burge shi, an jera abu yadda ya kamata. Ya tambaya ko na saman sun fi na ƙasan muƙami ke nan, tun da su suka zo da sabon ilimi. Ta ce a'a, a nan ba a yi wa kowa ritaya. Ta ce da aka ba ta wannan darasin ta ji tsoro, domin da lambobi ta saba. Sai da ta koma kantar ƙasa ta gane cewa ko amincewar jama'a da hukuma, wadda take aunawa a bincikenta, tsofaffin nan ne suka fara tambayar mece ce ita. Ta zaro wani siririn littafi mai yagaggen bango ta miƙa masa, ta ce in ya karanta ya ga har yanzu barin yake so, za ta sa masa hannu ba gardama.

Bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Ya sa littafin a aljihu, ya ɗan sara mata, abin da bai shirya yi ba, ya fita.

Karatun bai zo da sauƙi ba. Rubutun ƙanana ne, sai da Nas ta kai shi aka yanka masa tabarau. Jimla ɗaya takan ci masa rabin safiya. A tsaye yake karatu, yana kai yana komowa a tsakar gida, in marubucin ya faɗi abin da bai kwanta masa ba sai ya ja birki ya ce masa ƙarya ne, kamar yana gabansa. Matarsa ta ce ta gode Allah da ya samu abokin faɗa wanda ba a dafa wa abinci. Ya koma aji. Dogo ya zo ya rusuna ya ba shi haƙuri, Saje ya ce ya wuce. Gwajin farko Saje ya faɗi, domin sunaye da shekaru ya haddace, ita kuwa Dakta dalili take nema. A gefen takardarsa ta rubuta da jan biro: kai me ka gani?

Ya ɗauki tambayar da gaske. Ranar da suka zo kan masanin da ya ce in babu hukuma rayuwa yaƙin kowa da kowa ce, yawancin ajin suka ce mutumin mugun zato ne da shi. Saje ya ɗaga hannu ya ce shi yana bayansa. Ya ce an taɓa tura su wani gari da masu mulkinsa suka gudu, ya ga maƙwabta da suka yi shekaru suna aron gishiri a hannun juna kowa ya kwana da sanda a bayan ƙofa. Wata malamar firamare ta tambaye shi, to su wa suka ciyar da mutanen garin kafin sojoji su iso? Ya yi tunani, ya ce matan unguwa ne suka haɗa tukunya ɗaya, suka kuma tsara wanda zai ɗebo ruwa. Ta ce ashe ba duka ne yaƙi ba. Ya ce haka ne, bai taɓa haɗa biyun a ransa ba. Dakta ta jingina da allo ta bar su suka yi ta yi, ta ce musun da suke yi ya girmi kakannin kakanninsu.

Da zangon karatu ya yi nisa suka iso zamanin masu ƙirga. Dakta ta ce wannan ba a gane shi a zaune. Ta ba su 'yan tambayoyi, ta ce kowa ya shiga kasuwa ko tasha ya tambayi mutane ko sun amince da hukumomin da ke mulkinsu, da abin da ya sa suke bin doka. Aikin ya yi wa Saje daɗi. Ya goge rigarsa mai aljihu huɗu har karin gugar na iya yanka, ya shafa wa takalmi mai, ya shiga babbar kasuwa da allon matse takarda a hammata. Duk rumfar da ya tsaya sai ya yi gyaran murya, ya ce yana da tambayoyi game da gwamnati, a amsa da e ko a'a. Aiki ya tafi kamar ruwa. Mai nama ya amince. Mai gyaran takalmi ya amince ƙwarai. Wani mai sayar da bokitai tun kafin a gama tambayar ya amince, ya ƙara da cewa takardun shagonsa suna gida. Saje ya riga kowa gamawa.

Ranar da aka haɗa sakamako, Dakta ta jera na kowa a allo. Na sauran ɗalibai a gauraye yake, wasu sun amince, wasu sun ƙi, da yawa sun ce ya danganta. Na Saje kaɗai ne fes, babu ko mutum ɗaya mai ƙorafi. Wannan karon ba ta ja shi a gaban aji ba. Sai da aka watse ta tambaye shi yadda ya shiga kasuwar, da kayan da ya sa, da yadda ya fara magana. Ya nuna mata, har da gyaran muryar. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Shi ma da ya ji muryar tasa ta bugi bangon ajin ta dawo masa, sai ya fahimta.

"Ba ra'ayinsu ka auno ba, Baba," ta ce. "Tsoronsu ka auno. Kuma ka auna shi daidai."

Ta ce wannan ciwo ne da masu ƙirga suka daɗe suna fama da shi, shi ya sa ba za su iya rabuwa da masu falsafa ba. Lamba za ta gaya wa mutum nawa ne suka ce e, amma ba za ta raba masa e ɗin yarda da e ɗin tsoro ba, sai in ya riga ya san bambancinsu.

A ƙafa ya koma gida maimakon ya hau mota. Maganar ba a kasuwa ta tsaya masa ba. Ya tarar da matarsa tana yanka albasa a kicin, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa, abin da ba ya yi. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya tambaye ta ko a gidan nan bin sa ake yi don an yarda, ko don ana tsoro. Ba ta ɗago ba. Ta ce ita dai tun suna bariki ta gano cewa shi ke ba da umarni, ita ke mulki, kuma tsarin bai taɓa ba ta matsala ba. Ya yi dariya. Sai ta ajiye wuƙar, ta goge ido da bayan hannu, ta ce amma Auta daban ne. Yaron nan yana da magana cike da ciki, a waje har shawararsa ake nema, a gida kuwa kalma biyu ya mallaka. Saje ya zauna a wurin har ta sauke tukunya.

Ya roƙi Dakta ta bar shi ya sake aikin. Wannan karon matarsa ce ta zaɓa masa kaya, wata tsohuwar riga mai laushi da silifa. Ta karɓe allon matse takardar ta ba shi jakar cefane, ta ce in ya je ya fara zama kafin ya yi tambaya, kuma ya bar maƙogwaronsa ya huta. Ya je wata kasuwar daban. Aikin da ya gama a safiya ɗaya ya ci masa kwanaki, domin mutane zuba suka yi ta yi, wasu har sai ya miƙe suna riƙe masa hannu. Wata mai tumatir, dattijuwa mai kaifin harshe, ta ba shi benci. Ta ce ta amince da asibitin unguwarsu, domin ma'aikatan can sun san ta sun san ciwonta. Masu zuwa duba rumfuna kuwa ba ta amince da su ba, don ba ta taɓa ganin abin da suka gyara ba. Dokar hanya kuma tana bin ta ko ba kowa a wurin, saboda jikokinta ma tsallaka titi suke yi. Da ya gaya mata shi tsohon soja ne, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce da ya faɗa tun farko da ta ce masa komai lafiya lau.

Ya kawo sakamakon biyu gaban aji, ya ba da labarin riga mai aljihu huɗu da bakinsa. Aka yi dariya, wannan karon har da shi. Daga nan ya nemi izini ya ce yana da abin faɗa game da ɗan fashin nan. A ganinsa yanzu, ɗan fashi ana bin sa ne muddin bindigar na hannunsa, ya juya baya shi ke nan. Hukuma ta gaskiya kuwa ana bin dokarta ko ba ta wurin, domin mutane suna ganin dokar tasu ce, kuma suna da bakin cewa ba daidai ba a saurare su. Ya tsaya yana jiran a ce ya ci. Dakta ta ce amsa ce mai kyau, akwai manyan masana da suka tsaya a kanta. Sannan ta ce, to in mafi yawan jama'a suka yarda da dokar da ke zaluntar 'yan tsirarun cikinsu fa, yardar ta wanke ta? Saje ya ce a ba shi mako guda. Ta ce an ba wasu ƙarnuka ba su gama ba, amma ya ɗauki makon.

Tambayar ta hana shi sakat, har ya ajiye ta a gaban Auta wajen cin abinci. Auta ya ce to, Baba. Saje ya ce ba "to" yake nema ba, ra'ayi yake nema. Sannan saurayin ya fara magana a hankali, idonsa a kan faranti. Ya ba da labarin wani gini da ya yi aiki, inda masu haya suka haɗu suka yanke shawarar a riƙa cire wa ɗakunan ƙasa wuta da rana don ta na sama ta yi ƙarfi, saboda na saman sun fi yawa. Ya ce shi ya ƙi taɓa wayar. Saje ya ce ai rinjaye rinjaye ne. Auta ya ɗago ya ce a'a. Suka yi ta yi har abinci ya huce, uwar tana kallonsu tana ƙara musu miyar da ba wanda ya nema. Ba su daidaita ba, ba kuma a ranar aka gyara komai ba, amma daga lokacin Auta yakan ɗan zauna ya sha shayi kafin ya fita.

Saje ya ci jarrabawar ƙarshen zango da matsakaicin maki, ba yabo ba fallasa. Ranar da aka kafe sakamako ne ya ji cewa Dakta za ta tafi, wata jami'a mai nisa ta ɗauke ta aikin bincike. Ya same ta a wurin ajiye motoci tana kokawa da but ɗin wata ƙaramar mota da ya ƙi rufuwa saboda kwalaye. Ya ce ta matsa. Ya sauke komai ƙasa, ya sake jerawa, manya a ciki, ƙanana a lungu, but ya rufu har da sauran wuri. Ya kakkaɓe hannuwansa, ya tsaya yana neman ta inda zai fara.

"Malama," ya ce, "na zo nan ina ganin kaina ya gama aikinsa, saura zama a ƙofar gida. Kin tashe shi. Allah ya saka miki da alheri, ya kuma ba ki ɗalibai masu sauƙin kai fiye da ni."

Ta ce amin ga ta farko, amma ta biyun ba ta so. Ta gaya masa cewa a farkon zango ta kusa roƙon a sauke mata darasin, yanzu kuwa ita da kanta ta nemi a ba ta irinsa a inda za ta, kuma ajinsu ne sanadi. Ta ce ita ce da godiya. Ta gargaɗe shi cewa zango mai zuwa lissafi ne zalla, malamin kuma ba ya dariya. Saje ya ce ya sha fareti a hannun waɗanda suka fi shi ɗaure fuska. Ya tsaya har motar ta fita daga ƙofar jami'a.

Daga nan bai wuce gida ba. Ya hau mota zuwa asibitin da Nas ke aiki, ya zauna a benci cikin marasa lafiya yana jira har ta samu sarari. Da ta fito ta gan shi, ta yi sauri ta tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya lau, ya gaya mata makin da ya samu. Sai ya riƙa juya tabaransa a hannu, domin bai saba gode wa 'ya'yansa ba.

"Kin kyauta mini, Nas," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Ta kau da kai tana gyara aljihun farar rigarta, ta ce tun da ya kawo kansa bari ta auna jininsa. Ta naɗa masa abin awo a damtse, ta duba, ta ce ya ɗan hau, ya rage yawan musu. Saje ya ce gishiri zai iya ragewa, amma wannan ba zai yi mata alkawari ba.